Malam Ɗantani da Jirgin da Ya Ƙi Ratsa Tsamiya Biyu

Idan aka idar da sallar asuba a Talata Mafara, gari ya fara haske, Malam Ɗantani ba ya komawa gida. Yakan bi ta lungun maɗinka, ya buɗe ɗan shagonsa mai ƙofa ɗaya, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi. Sai ya riƙa sauko da su daga kanta ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Ƙananan jirage ne marasa matuƙi, masu ɗaukar hoto daga sama, waɗanda mutanenmu ke kira ƙuda saboda ƙugin da suke yi. Wasu fiffike ne ya karye musu. Wasu kuwa lafiyarsu lau, tsoro kawai suke ji. Haka yake faɗa, kuma ba da wasa yake faɗa ba.

Ranar da na fara shiga shagon, sai da na tsaya cak a bakin ƙofa. Idanu ne ko'ina, na gilashi, baƙaƙe wuluk, ba sa ƙiftawa. Ina matsowa kusa da teburin, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, kamar ya gane ni. Na ja da baya. Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ya gan ka ne, malam marubuci. Kai ma ka gaishe shi mana." Ya ɗaga jirgin ya nuna mini. "Wanga babban ido na gaba, na gani ne, shi ka ɗaukar hoto. Waɗanga ƙanana na goshi da ciki da ƙeya, na tsoro ne. Su ka hana shi cin karo da icce ko bango. In sunka ga abu sai su yi kuka, jirgin shi tsaya. Aikina shi ne in gane yaushe tsoron gaskiya ne, yaushe haske ne ya ruɗe su."

Sannan ya hura wa kowane ƙaramin ido numfashi, ya goge da tsumman auduga mai laushi, a hankali, yadda uwa ke share wa jinjiri kwantsa.

Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana gyara a garin nan. Da rediyo ya fara, ya koma agogo, ya koma wayar hannu. Jirgi na farko kuwa a cikin buhu aka kawo masa shi, shekara tara da suka wuce. Zaharaddini, mai ɗaukar hoton biki a Bakura, shi ne ya kawo, ya ajiye buhun a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa da shi.

Zaharaddini ne ya ba ni labarin da bakinsa. Wai ana shirin kai amarya da yamma liƙis, ya tashi jirgin ya nufi ƙofar gidan. Yana isa daidai zaure sai ya tsaya cak a sama, ya kama kuka, ya riƙa ja da baya. Babu kowa a ƙofar. Ya sake turawa, ya sake ƙi. Masu guɗa suka yi tsit. Wata tsohuwa ta ce akwai wanda ke tsaye a wurin, mu ne dai ba mu ganinsa. Sai da aka fitar da amarya ta ƙofar baya.

Malam Ɗantani bai taɓa riƙe irin wannan na'ura ba. Ya ce a ba shi mako biyu. Ya riƙa fita da ita bayan gari, da hantsi, da rana tsaka, da la'asar, yana juya mata fuska gabas da yamma. Da Zaharaddini ya dawo, tambaya ɗaya ya yi masa.

"In ka tsaya kana duban ƙohwar gidan, ina rana take faɗuwa?"

"Bisa kan zauren, Malam."

"To, wanda ke tsaye a ƙohwar ke nan. Rana ce ta shiga idonai kai tsaye, yat ɗauke ta bango. Ɗauki kayanka, ka bar ɓata wa bayin Allah na ɓoye suna."

Daga nan aka san shi. Manoman shinkafa na madatsar Bakolori suka kawo nasu, wai da ya zo kan magudanar ruwa sai ya riƙa zamewa gefe, kamar wani abu a ƙarƙashin ruwan yana jan sa. Malam ya je ya tsaya a bakin ruwan, ya daɗe yana kallo. Ruwan a kwance yake, ba ya ko motsi, gajimare na yawo a cikinsa. Ya ce musu idanun ciki alamar ƙasa suke nema su riƙe, kamar dutse ko kunya ko ciyawa. "Shina duban ƙasa, sai shi ga sama. Ko kai ne ai ka rikice." Ya koya musu su ɗaga shi sosai kafin ya hau kan ruwa.

Wani lokaci za ka gan shi a tsakiyar fili ya tallabi jirgi da hannu biyu yana juyawa da shi a wuri ɗaya, yana saita masa gabas da yamma. 'Yan acaɓa su tsaya su ce, "Malam, rukiyya ake yi masa?" Ya ce, "E, in na gama da shi ku ne na gaba."

Amma abin da ya fi gargaɗi a kai shi ne gab da magariba. A lokacin haske ya yi ƙaranci, ƙananan idanun sukan makance, jirgin ya daina kuka gaba ɗaya. Mai tuƙi ya ɗauka hanya ta buɗe, ya danna, sai a ji ƙarar karo a jikin bishiyar kuka. Malam yakan ce shi kukan jirgi bai taɓa ba shi tsoro ba. Shirun ne ke ba shi.

Na karanta labaran jarumai da yawa, masu takobi da masu dawakai, har nakan kwana ina mafarkinsu. Ban taɓa cin karo da wanda jarumtarsa ita ce ya ce wa mutane ashirin masu gaggawa su dakata ba. Shi ya sa zan ba ku labarin wata Laraba ta ƙarshen daminar bara.

Akwai wani ƙauye kusa da Gidan Goga, a ƙasar Maradun. Ba zan ambaci sunansa ba, kun san dalili. Gonakinsu suna gabas da gari, kuma hanya ɗaya ce babur ke bi zuwa can. Hanyar tana ratsa tsakanin wasu tsamiyoyi biyu, kusa da wani kufai da mutanen daji suka tasa shekara huɗu da suka wuce, suka kashe waɗanda suka kashe. Tun daga lokacin, babu mai rage gudu a wurin. Mutum yakan murɗa wa babur wuta, ya yi ta addu'a a zuci, sai ya wuce ya saki numfashi.

Damina biyu ba su yi noma a can ba. Bara da abubuwa suka ɗan lafa suka yi ƙundumbala suka shuka gero. Geron ya yi kyau, ya nuna, tsuntsaye suka fara sauka a kansa kamar hadari. Abincin shekara na gidaje ashirin ke nan. Baba Nagode, dattijon da manoman ke jin maganarsa, ya sanar da mai gari da jami'an tsaro, ya aika a ɗauko Malam Ɗantani da jirgin ƙungiyarsu, a leƙa hanya kafin a tafi girbi. Wanda zai ja gaban baburan kuwa ɗansa ne, Mubashir, don ya fi kowa iya gudu a hanyar. Mubashir mijin yayata Mufida ne. A lokacin tana da tsohon ciki. Daga bakinsa da bakin mahaifinsa na ji duk abin da zan faɗa.

Malam ya iso da hantsi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya aka ji da hanya. Suka hau tudun bakin gari. Baburan suna jere a ƙasa, an ɗaɗɗaure magirbi da igiyoyi. Ya tashi jirgin can sama, maza suka kewaye allon wayar da ke hannunsa. Gonaki suka bayyana. Babu hayaƙi, babu shanu, babu babura, babu mutum ko ɗaya. Sai garken tsuntsaye.

"Alhamdu lillahi!" in ji Mubashir. Har ya juya zai sauka ya tayar da babur.

"Dakata, ɗana," in ji Malam. "Na duba ta inda shirwa ke bi. Ku kuwa ba shirwa ba ne."

Wannan ita ce al'adarsa, kuma ban san wani mai yin haka ba. Bayan ya leƙa daga sama, yakan sauko da jirgin daidai tsayin mutum a kan babur, ya bi hanyar da ƙafa za ta bi, taku bayan taku. Ya sauko da shi. Jirgin ya nufi gabas, rana a fuskarsa. Yana tafiya yana kuka nan da can, Malam yana cewa, "Rana ce, rana ce," yana ɗan karkata masa kai ya wuce. Har ya isa tsamiya biyu. Nan ya tsaya. Jan layi ya fito a allon, kukan ya ƙi yankewa. Ya karkata shi dama, ya ƙi. Hagu, ya ƙi. A allon kuwa ga hanya nan fetal, ga inuwa, ga rana tana ɓullowa ta cikin ganye. Babu komai.

Ya dawo da jirgin gida.

"Ka dai ce rana ce, Malam," in ji Mubashir. "Ba akwai wurin da ake kashe masa tsoron ba? Kashe ka wuce."

"Akwai. In na kashe, zai wuce. In akwai abu, wataƙila shi bi ta samansa, ko ta ƙarƙashinsa, shi kawo mini hoto tas, in ce muku hanya lafiya lau. Kun fi son haka?"

"To mi kake so a yi?"

"Ku ba ni zuwa la'asar. Rana ta koma bayansa, in sake tambayarsa. In rana ce, zai wuce bai ce uffan ba."

Wuri ya yamutse. Wani ya ce kowace sa'a tsuntsaye damin gero suke ci. Wani ya ce in aka kwana, labari zai riga su isa daji. Wani ya ce an ɗauko mai gyaran rediyo yana yi musu duba. Baba Nagode ya dubi Malam ya ce, "Ɗantani, geron nan shi ne bakin jikokina. In tsuntsu ya cinye shi saboda tsoron ƙudanka, ban san mi zan ce maka ba."

"Ka ce mini duk abin da ka so, Nagode, zan ɗauka. La'asar dai."

Dattijon ya juya ga mazan. Sannan ya ce a kashe babura.

Mubashir ya ce bai taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Labari ya shiga gidaje cewa ƙudan ya ga wani abu a tsamiya biyu. Mata suka ce mutanen kufai ne, waɗanda ba a samu yi musu sutura yadda ya kamata ba, su ne suka tare hanya. Aka janye yara daga waje. Gari ya yi tsit da rana tsaka, sai kukan kurciya. Shi kuwa Malam yana zaune a gindin tudu da batir ɗaya tak da ya rage, ya jona shi a faifan sola, yana goge ƙananan idanu da tsummansa. Bayan azahar hadari ya taso ya rufe rana. Idan bai yaye ba, babu hasken da zai yi tambayarsa da shi, kuma ya san maza ba za su ƙara ba shi wani yinin ba.

Aka yi sallar la'asar cikin duhun hadari. Ana sallamewa, gajimaren ya tsage ta yamma, rana ta zubo, ja-ja-ja, a kwance.

"Yanzu," in ji Malam.

Ya tashi jirgin, ya sa shi a hanya daidai tsayin mahayi. Duk wuraren da ya yi kuka da safe ya wuce su shiru. Maza suka fara murmushi. Tsamiyoyin suka taso a allon, baƙaƙe, ganyensu ba ya motsi. Jirgin ya matsa, ya matsa.

Ƙit-ƙit-ƙit-ƙit.

Ya tsaya daidai inda ya tsaya da safe. Wani a baya ya kama salati.

"Rana tana bayansa," in ji Malam, a hankali, kamar da kansa yake magana. "Wannan ba rana ba ce."

Allon bai nuna komai ba sai hanya da inuwa. Ya sauke jirgin kamar taƙi ɗaya. Ba komai. Ya ɗaga shi. Ba komai. Ya ɗan goce da shi gefe, ya jawo hoton kusa. Sai wani siririn haske ya gifta daga jikin tsamiya ɗaya zuwa ɗayar, kamar gashin doki guda, ya ɓace.

"Kun gani?"

Ya mayar da jirgin daidai wurin, hasken ya sake fitowa, ya tsaya. A miƙe yake, a ɗame. Waya ce ta ƙarfe.

Malam ya karanta nisan jirgin da ƙasa a gefen allon. Ya ɗauki kara ya auna tsawon, ya karya. Ya ce, "Mubashir, hau babur ɗinka." Ya hau. Malam ya kafa karan a ƙasa kusa da shi. Kan karan ya tsaya daidai maƙogwaronsa.

Mubashir ya ce mini bai san lokacin da hannunsa ya kai wuyansa ba. Baba Nagode ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire hula, ya riƙe ta da hannu biyu. Can ya ce, "Ɗantani, ka yahe mani." Malam bai ma ji shi ba. Batir na gab da mutuwa, yana ta lallaɓo jirgin gida.

Bayan kwana biyu aka je da jami'an tsaro, a ƙafa, ta bakin rafi. Aka sami wayar, wayoyin birkin babur ne aka ƙuƙƙulla. A bayan tsamiyoyin ciyawa ta kwanta a wuri shida, kowane da siffar mutum a kwance, ga guntayen taba da toka mai sanyi. Sun jira, sun gaji, sun tafi. Tsuntsaye sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku na geron. Sauran ya shigo rumbu, kuma babura ashirin da suka fita, ashirin suka dawo.

Malam Ɗantani, kai ne ka saurari tsoron na'ura a ranar da maza suka so a toshe mata baki. Kai ne ka yarda a kira ka matsoraci tun daga hantsi har la'asar. Kai ne wanda bai ce aljani ba ne, bai kuma ce rana ba ce, sai da ya juya haske ya sake tambaya. Mai haƙurin jiran rana ta juya, babu wanda ya rataya maka lambar yabo, gidan rediyo bai ambaci sunanka ba. Amma yayata ta haihu mijinta yana tsaye a ƙofar ɗaki. Har yau idan Mubashir ya ɗaga ɗiyarsa sama yana dariya, ni wuyansa nake kallo, kuma sai na kawar da kai don kada a ga idona.

Makon jiya Malam ya miƙa wa Zaharaddini, wanda ya daɗe yana koyon gyara a wurinsa, makullin shago. Yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Ba ya iya karanta ƙananan rubutun allo, kuma ya ce ba zai ce wa mutane hanya lafiya ba alhali shi kansa bai gani da kyau ba. Abu ɗaya kawai ya hana a taɓa: wayar nan, wadda Baba Nagode ya kawo masa a naɗe, tana rataye a ƙusa bisa teburin. Ya ce duk mai jirgin da ya zo yana neman a kashe masa ƙarar gargaɗi don ta dame shi, a nuna masa ita tukuna.

Ni na raka shi gida ranar, bayan la'asar. Gidansa yamma yake da shago, rana tana dukan fuskokinmu. Muna tsakiyar lungu sai ya tsaya cak, ya kama hannuna.

"Mi ne ne, Malam?"

"Na zama irinsu," ya ce yana murmushi. "In ta shiga idona, komai bango ne. Rana ce, ko akwai abu gabana?"

"Ba komai, Malam. Rana ce."

"Ka duba dai."

Na kare idona da tafin hannu na duba. Na sunkuya na sake dubawa, daga bango zuwa bango. Sannan muka wuce.

Mun gode, Malam Ɗantani. Mutanen Mafara da Bakura da Maradun sun gode, har da waɗanda ba su san cewa kai ne ba. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya haskaka maka gabanka kamar yadda ka haskaka wa bayinSa hanya. Ku kuwa 'yan'uwana masu riƙe da jirage da injuna da sitiyari, da duk wanda ake jiran bakinsa kafin a kama hanya, in abin da ke hannunku ya yi kuka kuma idonku bai ga komai ba, kada ku yi saurin kashe ƙarar. Ku jira haske ya juya. Ku duba dai.